Na'ura Ɗaya, Sassa Da Yawa: Yadda Ake Hasashen Ƙarfin Manyan Kwamfutoci Kafin Aiki Ya Rinjaye Su

Mafi yawan hidimomin da jama'a ke samu ta waya ko ta kati a wannan zamani, kama daga tura kuɗi da cirarsu zuwa sayen tikitin jirgin sama da biyan albashin ma'aikata, suna ƙarewa ne a cikin wasu manyan kwamfutoci da ke girke a ɗakuna masu sanyi, waɗanda ba su da wani aiki sai amsa buƙatun dubban mutane a lokaci guda. Irin wannan babbar na'ura, wadda ma'aikatan fannin ke kira saba, ta bambanta da kwamfutar tebur ta fuskoki da dama, amma babban bambancin shi ne yawan furosesoshinta, wato ƙwayoyin lantarkin da ke aiwatar da umarni da lissafi, domin akan samu gomomi ko ɗaruruwansu a akwati guda suna tarayya a kan ma'ajiya ɗaya da hanyoyin shige da ficen bayanai ɗaya. Da yake na'urar tana da tsada ƙwarai, kuma da wuya aiki guda ya cinye ƙarfinta gaba ɗaya, sai ya zama al'ada a yanka ta sassa-sassa, kowane sashe da tasa manhajar gudanarwa, yana aiki tamkar shi kaɗai ne kwamfutar.

Tambayar da ke gaban duk ma'aikatar da ta mallaki irin wannan na'ura ita ce ko ƙarfin da ke hannu zai ɗauki aikin da ke tafe, idan kuma ba zai ɗauka ba, yaushe zai gaza, a wane sashe, kuma me ya kamata a ƙara. Fannin da ke amsa wannan tambaya shi ne tsara ƙarfin na'ura, makaminsa kuwa shi ne samfurin lissafi, wato taƙaitaccen bayanin na'urar a cikin 'yan ƙa'idoji, wanda ake iya yi wa tambaya a takarda kafin a kashe ko sisi. Abin da ya sa ƙidaya kaɗai ba ta wadatar ba shi ne ƙarfin na'ura ba ya bin lissafin tarawa da rabawa: furosesa 16 ba sa yin aikin furosesa ɗaya sau 16, kuma na'urar da aka raba gida huɗu ba ta ba kowane sashe rubu'in amfaninta cif-cif.

Asalin raba na'ura

Tunanin mayar da kwamfuta ɗaya tamkar kwamfutoci da yawa ya samo asali ne daga kamfanin IBM na Amurka, inda a ƙarshen shekarun 1960 masu bincikensa suka samar da manhajar CP-67 domin na'urar System/360 samfuri na 67, wadda ta ba kowane mai amfani damar ganin kamar yana da tasa na'urar, kuma daga gare ta ne VM/370 ta fito a 1972. A shekarun 1980 kamfanin Amdahl, wanda Gene Amdahl ya kafa a 1970 bayan ya bar IBM, ya shigar da rabon cikin ƙirar na'urar kanta, sannan IBM ta fito da nata tsarin mai suna PR/SM a 1988, wanda har yau shi ne ke raba manyan na'urorinta zuwa sassan da ake kira LPAR. Daga nan dabarar ta bazu zuwa na'urorin da ke aiki da manhajar gudanarwa ta Unix: Sun Enterprise 10000 ta 1997 tana ɗaukar furosesa har 64 da ake iya kasa su rukuni-rukuni, Superdome ta kamfanin HP ta biyo baya a 2000, kuma a 2004 na'urorin POWER5 na IBM suka ba da damar a ware wa sashe ɗaya abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na furosesa ba. Babbar na'urar z16 da IBM ta fitar a 2022 tana iya ba mai ita furosesa har 200, a raba su tsakanin sassa har 85.

Rabon iri biyu ne. Akwai rabon mallaka, inda ake ba sashe furosesoshinsa na kansa waɗanda babu mai taɓa su ko da suna zaune ba aiki, akwai kuma rabon tarayya, inda furosesoshin ke zama a tari guda, wata manhaja ta musamman da ke ƙarƙashin dukkan sassan, wadda za a kira manhajar rabo, tana miƙa su ga mai buƙata na ɗan taƙaitaccen lokaci sannan ta karɓe. Dalilan rabon kuwa a bayyane suke: a nisanta aikin gwaji daga aikin da abokan hulɗa suka dogara da shi, a hana matsalar wani sashe ta shafi maƙwabcinsa, a tsare bayanan wani ofishi daga wani, a kuma gudanar da manhajojin gudanarwa daban-daban a akwati guda.

Dokokin layi

Tushen lissafin wannan fanni ya girmi kwamfuta da kanta, domin ya faro ne daga A. K. Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak da ke aiki da kamfanin tarho na birnin Kofanhegan, wanda a 1909 da kuma 1917 ya wallafa ƙa'idojin gano yawan layukan waya da ake buƙata domin kada masu kira su yi ta jira. Abin da ya gano ya dace da kwamfuta daidai, saboda a can ma buƙatu ne ke isowa ba bisa wani tsari ba, su tarar da masu hidima ƙididdigaggu, wanda bai samu gurbi ba ya jira.

Ƙa'ida ta farko mai sauƙi ce, kuma ita ke bayyana cikar na'ura, wato kason lokacin da furosesa ke bakin aiki: ana ninka yawan buƙatun da ke isowa a sakan ɗaya da lokacin hidimar da kowace ke ci. Idan buƙatu 200 ke shigowa a kowane sakan, kowace tana cin sakan 0.02 na furosesa, to aikin yana riƙe da furosesa 4 a koyaushe, wanda ke nufin sashe mai furosesa 5 ya cika kashi 80 cikin ɗari. Ƙa'ida ta biyu ita ce wadda John Little ya tabbatar a 1961, mai cewa matsakaicin adadin buƙatun da ke cikin tsari daidai yake da yawan masu isowa a sakan an ninka shi da lokacin da kowace ke shafewa a ciki, don haka idan waɗancan buƙatu 200 kowace tana ɗaukar rabin sakan kafin ta samu amsa, to a kowane lokaci akwai 100 a cikin na'urar, kuma dole a tanadar musu ma'ajiya da hanyoyin sadarwa.

Ƙa'ida ta uku ita ce ke ba waɗanda ba su san fannin ba mamaki, domin ta nuna cewa jira ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar aiki. A mafi sauƙin samfuri, inda furosesa ɗaya ne kuma isowar buƙatu da tsawon hidimarsu duk ba su da tsayayyen tsari, lokacin amsa, wato jira da hidima a haɗe, yana fitowa ne idan aka raba lokacin hidima da kason da ya rage babu aiki. Sakamakon shi ne a cikar kashi 50 lokacin amsa ya ninka lokacin hidima sau 2, a kashi 80 sau 5, a kashi 90 sau 10, a kashi 95 kuma sau 20. Ke nan ƙarin aiki na kashi 10 a kan na'urar da ke rabin cika ba ya ko jawo hankali, alhali ƙarin kashi 10 ɗin nan a kan wadda ta kai kashi 80 yana ninka lokacin amsa gaba ɗaya, kuma wannan ne ya sa na'urar da ta yi shekara tana aiki lami lafiya kan zama kamar ta lalace a mako guda ba tare da wani abu ya karye a cikinta ba.

Abin da yankawa ke ci

A nan ne rabon na'ura ya fara nuna kuɗinsa. Zauren banki mai ma'aikata huɗu ya isa misali: idan kowane ma'aikaci da nasa layin kuma ba a yarda kowa ya sauya layi ba, za a riƙa ganin wani ma'aikaci yana zaune hannu rabbana yayin da layin maƙwabcinsa ya kai bakin ƙofa, amma idan layi ɗaya ne ake kiran na gaba zuwa duk tagar da ta samu sarari, babu mai zaman banza matuƙar akwai mai jira. Ƙa'idar Erlang ta ba da girman bambancin: furosesa huɗu da aka ware kowane a sashensa, kowane a cikar kashi 80, suna ba da lokacin amsa mai ninkin lokacin hidima sau 5, alhali waɗannan huɗun idan suna tari guda, a kan aikin nan dai, ninkin bai wuce 1.75 ba, idan kuwa tarin na furosesa 16 ne, ya sauko zuwa kusan 1.1. Darasin da masu tsarawa ke ɗauka daga nan shi ne babu wani adadin cika guda da ya dace da kowane sashe, domin babban sashe na iya aiki a kashi 90 babu wanda ya koka, ƙaramin sashe mai furosesa ɗaya ko biyu kuwa ya fara jan ƙafa tun daga kashi 60 ko 70.

Asara ta biyu tana zuwa ne ta fuskar lokutan cunkoso. A ɗauka sashen da ke hidimar abokan hulɗa yana buƙatar furosesa 8 da rana da 2 da dare, sashen da ke rufe lissafin yini kuma yana buƙatar 2 da rana da 8 da dare. A rabon mallaka sai an sayi 16, domin kowane sashe dole a ba shi abin da zai ishe shi a lokacin da ya fi matsuwa, amma a rabon tarayya 10 sun wadatar, tunda a kowane lokaci jimillar buƙatar ba ta wuce haka ba. Saboda haka abin da mai tsarawa ke nema shi ne ƙololuwar jimillar aikin, wadda sau da yawa ta gaza jimillar ƙololuwar kowane sashe nesa ba kusa ba, kuma gwanintarsa tana bayyana ne wajen haɗa ayyukan da cunkosonsu ba ya cin karo a na'ura guda.

Dalilin da ƙarin furosesa ba ya ninka ƙarfi

Da tarawa ba ta da nata aibin, da amsar kowace matsala ita ce a yi sashe ɗaya ƙato. A 1967 Gene Amdahl ya yi nuni da cewa a kowane aiki akwai ɓangaren da ba ya rabuwa, wanda dole a yi shi bi da bi, kuma wannan ɓangaren ne ke yanke iyakar saurin da za a samu. Idan kashi 5 cikin ɗari na aiki ba ya rabuwa, furosesa 16 za su ba da saurin da bai wuce ninki 9 da 'yan kai ba, furosesa 64 su ba da kusan ninki 15, kuma komai yawan da aka ƙara ba za a haura ninki 20 ba. A 1993 Neil Gunther ya faɗaɗa wannan ƙa'ida da wani ɓangare na biyu, wato lokacin da furosesoshi ke ɓatawa wajen daidaita bayanan da suke tarayya a kai, wanda ke ƙaruwa gwargwadon yawan hanyoyin da ke tsakanin kowane furosesa da sauran, har a kai wani matsayi da ƙarin furosesa ke rage yawan aikin da ake kammalawa maimakon ya ƙara shi.

Musabbabin wannan yana cikin tsarin ma'ajiya. Kowane furosesa yana da 'yar ƙaramar ma'ajiyar kusa mai tsananin sauri, inda yake ajiye bayanan da ya taɓa kwanan nan, sai wasu matakai masu girma da nisa da yake tarayya a kansu da maƙwabtansa, sannan babbar ma'ajiyar aiki, wadda isa gare ta kan ɗauki ninkin lokacin isa ga ta kusa sau gomomi da yawa. A manyan na'urori ita kanta babbar ma'ajiyar a rarrabe take bisa allunan da furosesoshin ke kai, ta yadda karanta abin da ke allon wani ya fi karanta na allon kai jinkiri. Wannan ya sa saurin furosesa ba tsayayyen abu ba ne: ya dogara da irin aikin, da yawan furosesoshin da ke aiki tare, da kuma abin da sassan maƙwabta ke yi, tunda suna goge wa juna bayanai a ma'ajiyar da suke tarayya a kanta. Shi ya sa IBM ke wallafa jadawalin LSPR, wanda ke kwatanta ƙarfin na'urorinta bisa gwaji, kuma yake ba da adadi daban ga aikin da ke yawan kai-komo zuwa ma'ajiya mai nisa da wanda ke wadatuwa da ta kusa, tare da manhajar zPCR da ke gyara waɗannan alƙaluma bisa yawan sassan da aka yanka da yadda aka tsara su.

Maki, takunkumi da furosesan suna

A rabon tarayya kowane sashe yana ganin wasu furosesoshi da ya ɗauka nasa ne, waɗanda za a kira furosesan suna, domin ba sa yin komai sai manhajar rabo ta ɗora su a kan furosesa na gaske. Abin da ke yanke hukunci idan buƙata ta fi abin da ke akwai shi ne makin da aka ba kowane sashe. A na'ura mai furosesa 10 da sassa uku masu maki 500 da 300 da 200, haƙƙin na farko furosesa 5 ne, na biyu 3, na uku 2, amma wannan haƙƙi ba ya aiki sai na'urar ta cika, domin a sauran lokuta kowane sashe na iya cin rarar da maƙwabtansa suka bari. Idan ba a so sashe ya wuce wani adadi ko da akwai rara, sai a sa masa takunkumi, wanda ke tsayar da shi a iyakar da aka gindaya.

Haɗarin da ke ɓoye a wannan tsari shi ne sashe ya saba da cin rara har masu shi su ɗauka ƙarfinsa ke nan. Sashe na uku a misalin da ya gabata na iya shafe watanni yana amfani da furosesa 5 saboda maƙwabtansa ba su da aiki sosai, ranar da suka buƙaci haƙƙinsu kuwa ya koma 2 nan take, aikinsa ya tsaya cik ba tare da buƙatunsa sun ƙaru ko ɗaya ba. Akwai kuma matsalar yawaita furosesan suna: idan aka ba wannan sashe guda 8 alhali haƙƙinsa 2 ne, to a lokacin cunkoso kowane ɗayansu rubu'in lokaci kawai yake samu, kuma yana iya faruwa a sauke wanda ke riƙe da makullin wani bayani daga furosesa na gaske, sauran bakwai su yi ta jiran abin da mai shi ba ya ma aiki, sannan idan aka mayar da shi, ya tarar an kai shi wani furosesa dabam wanda ma'ajiyarsa ta kusa ba ta da komai nasa. Domin magance wannan ne IBM ta fito da HiperDispatch tare da na'urar z10 a 2008, wanda ke tattara haƙƙin sashe a kan 'yan furosesan suna kaɗan da ke zama kusan wuri guda, ya kwantar da ragowar har sai rara ta samu.

Awon da ke yaudara

Duk samfuri yana tsayawa ne a kan awo, awo kuma a na'urar da aka raba yana buƙatar taka-tsantsan, saboda layi biyu ne a jere: buƙatu suna jiran furosesan suna a cikin sashe, furosesan suna kuma suna jiran na gaske a wurin manhajar rabo, kuma manhajar gudanarwar da ke cikin sashe layin farko kawai take gani da kyau. Idan rahoto ya ce sashe ya cika kashi 90, tambayar farko ita ce kashi 90 na me, domin yana iya zama na furosesan sunansa, ko na haƙƙinsa, ko na na'urar baki ɗaya, kuma a na'urorin POWER abu ne da aka saba gani sashe marar takunkumi ya nuna ya ci fiye da kashi 100 na haƙƙinsa. Saboda wannan giɓi ne manhajar gudanarwa ta Linux ke nuna wani adadi na musamman na lokacin da sashe ya shirya aiki amma aka ba wani furosesan, haka ma manhajar rabo ta VMware tana da makamancinsa, kuma hauhawar wannan adadi alama ce ta cewa matsalar tana wajen sashen, ba a cikinsa ba.

Tsawon lokacin da ake ɗaukar matsakaici shi ma yana ɓoye gaskiya. Manhajojin awo irin su RMF na manyan na'urorin IBM galibi suna tattara alƙaluma ne duk bayan minti 15, kuma matsakaicin kashi 60 a wannan tsakani na iya ƙunsar minti biyar na cikakken cunkoso da minti goma na sauƙi, alhali abokin hulɗa cunkoson ya gani. Haka nan matsakaicin lokacin amsa ba ya faɗin halin waɗanda suka fi daɗewa suna jira, shi ya sa yarjejeniyar ingancin hidima takan ɗauki siffar cewa kashi 95 cikin ɗari na buƙatu su samu amsa cikin wani ƙayyadadden lokaci.

Yadda ake gina hasashe

Aikin yana farawa da kasa ayyukan na'urar gida-gida bisa ma'anarsu ga ma'aikatar, kamar cirar kuɗi, duba ragowar asusu da lissafin dare, sannan a gano abin da kowace buƙata ke ci a kowane kayan aiki. Hanyar gano wannan daga awo kai tsaye tana cikin abin da Peter Denning da Jeffrey Buzen suka tsara a 1978: a raba lokacin da kayan aikin ya shafe yana aiki da adadin buƙatun da aka kammala. Da zarar an samu waɗannan alƙaluma, wurin da zai fara toshewa yana bayyana. Sashe mai furosesa 5 da kowace buƙata ke ci wa sakan 0.02 ba zai wuce buƙatu 250 a sakan ba ta fuskar furosesa, amma idan kowace buƙata tana kuma cin sakan 0.005 a faifan ajiya guda ɗaya, faifan zai cika a buƙatu 200, kuma duk furosesan da aka saya kafin a gyara wannan asarar kuɗi ce.

Domin hasashen lokacin amsa, ana ɗaukar na'urar a matsayin jerin layuka masu alaƙa da juna, a warware su da hanyoyin lissafi irin wadda Buzen ya wallafa a 1973, ko hanyar nazarin matsakaici da Martin Reiser da Stephen Lavenberg suka gabatar a 1980, waɗanda suka mayar da abin da a da yake da wuyar lissafi ya zama na 'yan sakanni. Inda ƙa'idojin rabo suka yi sarƙaƙiya fiye da yadda lissafi zai ɗauka, akan koma ga kwaikwayon na'urar a cikin manhaja, ko gwajin gaske da aikin da aka ƙirƙira, wanda ya fi kowace hanya tsada. Ko wace hanya aka bi, ba a amincewa da samfuri sai an jarraba shi a kan lokacin da ya wuce, an ga ya fitar da alƙaluman da suka yi kusa da waɗanda aka auna.

Bayan haka ne ake shigar da hasashen ƙaruwar aiki, wanda ke fitowa daga shirye-shiryen ma'aikatar, ba daga kwamfutar ba. Na'urar da ke kashi 50 a bana, idan aiki na ƙaruwa da kashi 20 kowace shekara, za ta kai kashi 60 baɗi, 72 a shekara ta biyu, 86 a ta uku, don haka odar ƙari dole ta fita tun kafin shekara ta ukun ta kama. Ana kuma tsarawa ne domin lokacin da aiki ya fi yawa, kamar ƙarshen wata da jajibirin salla, tare da barin sarari domin abin da ba a zata ba. Abin da ya faru a Najeriya a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya haddasa ƙarancin takardun kuɗi, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya da na'urar POS a lokaci guda, ya nuna cewa matakin hukuma guda na iya kawo cikin makonni ƙaruwar da ake tsammani cikin shekaru. Sai kuma tanadin ranar lalacewa: na'urori biyu da ke mara wa juna baya, kowace a kashi 60, ba za su iya haɗuwa a ɗaya ba tunda jimillar ta kai 120, saboda haka ko dai a riƙe kowace ƙasa da rabi, ko a yanke tun da wuri waɗanne sassa za a kashe, ko a yi yarjejeniya da mai ƙera na'urar a kan furosesoshin da ke ciki a kulle, waɗanda ake buɗewa idan buƙata ta taso.

Inda lissafi ya haɗu da kuɗi

A manyan ma'aikatu kuɗin lasisin manhaja yakan kai ko ya wuce kuɗin na'urar, kuma da yawan kamfanonin manhaja suna caji ne bisa ƙarfin da manhajar ke gudana a kai. Tun farkon shekarun 2000 IBM ta shigo da tsarin da ake biyan wasu manhajojinta bisa matsakaicin amfanin sashe na awa huɗu a jere, a ɗauki mafi girmansa a cikin wata, abin da ya sa masu tsarawa suka riƙa matsar da ayyukan da ba na gaggawa ba daga lokacin cunkoso, suna kuma amfani da takunkumi domin rage kuɗin wata. Kamfanin Oracle shi ma yana bambanta rabon da ya amince da shi wajen ƙidayar furosesan da za a biya wa lasisi da wanda bai amince da shi ba. Ta haka girman sashe ya zama shawara ta kasuwanci, inda takunkumin da ya yi tsauri ke jawo jinkiri ga abokan hulɗa, wanda ya yi sako-sako kuma ya kumbura kuɗin lasisi.

Yaɗuwar hayar kwamfuta ta intanet, tun bayan da Amazon ta buɗe hidimar EC2 a 2006, ta sauƙaƙa samun ƙarin ƙarfi cikin mintuna, amma abin da ake haya a can galibi sashe ne a cikin na'urar wani, mai furosesan suna da maƙwabtan da ba a gani, kuma dokokin Erlang da Little da Amdahl suna aiki a kansa kamar yadda suke aiki a kan z16. Abin da ya sauya shi ne kuskuren hasashe yanzu yakan bayyana a takardar biyan kuɗin wata kafin ya bayyana a jinkirin hidima. Da yake kowane sabon zubin manhaja yana sauya lokacin da buƙata ke ci, kowane sabon sashe kuma yana sauya rarar da maƙwabtansa suka saba samu, samfurin da aka gina bara ba ya bayyana na'urar bana, saboda haka ma'aikatun da suka ɗauki lamarin da muhimmanci suna sake awo, su gwada hasashensu da abin da ya auku, su gyara alƙaluman a kai a kai, musamman kafin kowane babban sauyi da kuma lokacin shirya kasafin kuɗin shekara.